Rabin Likita a Kwatar Ajingi

Ni dai gawa ba ta taɓa ba ni tsoro ba. Ina so a fara sanin wannan, domin har yau akwai tsofaffi a Gaya da za su rantse maka cewa fatalwa ce ta koro ni daga makarantar likita. Ƙarya suke yi. Gawarwakin da aka ba mu mu koyi aiki a kansu mutanen kirki ne, sun sha magani sun bushe, ka yanka nan ka yanka can, ba wanda zai ce maka kanzil. Lafiya lau muka zauna da su, har nakan ci gyaɗata a bakin ƙofar ɗakinsu. Rigimata da masu rai ce, don su ne masu jini.

In za a bi ta gaskiya, alamu sun daɗe da bayyana, ba a dai kula ba ne. Tun ina yaro, da zarar an kayar da ragon layya ni ne mai zuciyar ɗaukar tulu in tafi rijiyar da ta fi kowace nisa, aka yi ta sa mini albarka wai ba ni da ƙiwa. Daga nan makarantar kwana ta ɗauke ni, na zarce karatun kimiyya na gama da takarda mai kyau, sai manya suka ce irin wannan kai ba a barinsa ya ƙare a allo da alli, sai likita. Ba wanda ya tambaye ni, ni ma ban tambayi kaina ba.

Asiri ya tonu ne ranar da aka fara shigar da mu ɗakin tiyata. Likita ya ɗora wuƙa a kan cikin wani bawan Allah, na ga ja ya biyo bayan wuƙar, sai kunnuwana suka ɗauki ƙara, fitilun ɗakin suka yi nisa. Na farka a baranda, wata nas tana yi mini fifita da kwali. Aka ce ba komai, kowa da haka ya fara. Aka sake shigar da ni, na sake zubewa. A karon da ya kashe maganar ban tafi ni kaɗai ba, na tafi da teburin kayan aiki, almakasai da ƙananan wuƙaƙe suka watse a ƙasa, aka bar mai ciwo a buɗe ana neman wasu. Malaminmu, wani dattijon Ba'indiye mai sanyin murya, ya kira ni ofishinsa ya ce asibitin nan marasa lafiya sun ishe shi, ba ya buƙatar ɗalibansa su riƙa ƙara masa yawansu. Na haɗa akwatina. Shekarar da aka mayar da motoci hannun dama ke nan, na tuna ne don direban da ya kawo mu Kano ya yi ta mantawa, mu kuma muna ta salati.

Ƙauyenmu yana tsakanin Gaya da Ajingi, kuma ni ne ɗan fari a gidanmu. Babana mutum ne mai riƙo da alkunya har abin ya so ya yi yawa. Bai taɓa kiran sunana ba, kuma ba ya yi mini magana kai tsaye matuƙar akwai bango ko akuya a kusa da zai iya gaya wa. Da na sauke akwati a zaure na durƙusa na gaishe shi, ya amsa wa ƙofa. Sai da kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya zo daga Gaya washegari, sannan na ji hukuncina. Ina zaune a gefe, Baba ya dubi kawu ya ce:

"Yaron nan naku ya dawo. A nema masa abin yi. Amma a duba wanda zai iya kai wa ƙarshe."

Da mari ya yi mini da ya fi sauƙi. Maganar nan ta zauna mini a ƙirji, na ƙudura a raina cewa duk aikin da aka ba ni, ko na kwasar kashin jaki ne, ba zan sake shigowa zauren nan da akwati a ka ba.

Sai dai aikin bai zo da wuri ba. Na yi watanni ina ɗumama tabarma, mutane suna wucewa suna cewa, "Likita, har yanzu hutun ne?" Ina cewa hutun ne. Hutu ya ga kaka, ya ga rani, har masu tambayar suka fara jin kunya a madadina. Matan da suka tara mini ciwon baya da na gwiwa tun ranar da na tafi suka haƙura suka koma wurin wanzami.

Kawu yana aiki a ofishin hakimi, ya san ƙofofin da ake ƙwanƙwasawa. Wata rana ya aiko in zo, ya ce ofishin lafiya suna neman duba-gari. Ya faɗa yana kallon ƙasa, don a ganinsa an sauko da ni daga bene zuwa salga. Ni kuwa daɗi ne ya kama ni. Aikin duba-gari ai na san shi: ka sa kaki, ka yi sallama da ƙarfi, mata su ruɗe suna rufe tukwane, ka leƙa randa ka nemi tsutsa, ka leƙa bayan gida ka yamutsa fuska, ka fita. Na yi lissafi na ga duk duniya ba inda ya kai randa nisa da jini.

Babban duba-gari wani gajeren tsohon soja ne mai gashin baki kamar tsintsiya. Ya juya takarduna gaba da baya, ya dube ni, ya ce:

"Rabin likita! Ai kai ka fi ƙarfin randa. Wanda ya san cikin mutum, cikin saniya ba zai gagare shi ba. Nama za ka duba mana. Kwatar Gaya kullum, ranar kasuwa kuma Ajingi."

Ashe kawu bai gaya masa abin da ya koro ni ba, cewa ya yi ruwan can ne bai karɓe ni ba. An gudu ba a tsira ba. Na buɗe baki zan yi magana, sai na tuna zauren gidanmu, na rufe. Mutumin ya miƙo mini kaki da gajeren wando da hatimi mai shuɗin tawada, ya ce gwaji ake yi mini tukuna.

"Ranar da na ji wani ya kwanta a kan naman da ka buga wa hatimin nan, ka ninke mini kakina ka ajiye a teburin nan. Ka ji ko?"

Na ce na ji, ranka ya daɗe.

A Gaya na sami dabara, don kafin in iso da safe yawanci an gama yanka an wanke dandamali. Ajingi ce matsala. Ranar kasuwa a can yanka ba ya yankewa tun daga hantsi, kuma kwatar a fili take, dandamalin siminti ne a gindin wata tsamiya, dab da kara inda ake cinikin dabbobi. Ungulaye sun jeru a kan katanga, karnuka a ƙasa, ƙudaje kuwa su ne masu unguwa. Sarkin fawan wurin wani ƙato ne mai jajayen haƙora, in ya yi dariya har masu tallan fura sai sun waiwayo. Ya tarbe ni da murna, ya ce yau Ajingi ta yi baƙon ilimi, a kayar da saniya likita ya gani.

Aka kayar. Ni kuma na ga ya kamata in binciki lafiyar tsamiyar nan, na juya ina duban ɓawonta da kyau. Amma ƙarar na ji ta, warin kuma ya zagayo ya same ni, ban san lokacin da na zauna a ƙasa daɓas ba, hula a gefe. Mahauci kuwa ya fi kowa gane dabbar da ƙafarta ta yi sanyi. Sarkin fawa ya zo ya tsaya a kaina, ya dube ni, ya dubi jinin da ke gangarawa, ya sake dubana, sannan ya fashe da dariyar da ta tashi ungulayen daga katanga.

"Wayyo ni! Jama'a, gwamnati ta aiko mana da kyanwa mai tsoron ɓera!"

Na ɗauka kashina ya bushe, kafin la'asar labari zai kai Gaya. Bai kai ba. Sarkin fawa ba wawa ba ne, ya san duba-gari irina ba kullum ake samu ba, ba zai yarda a canja masa da mai ƙarfin zuciya ba. Shi da kansa ya tsara mini aiki. Aka ajiye mini benci a bayan tsamiya, ta inda iska ke tasowa, na ba dandamali baya. Su yanka, su feɗe, su ɗauraye huhu da hanta da ƙoda da zuciya tas, su kawo mini a daro. Kayan ciki in an wanke su ba su da bambanci da tsofaffin abokaina na makaranta, sai in sa wuƙa in tsaga in duba hankali kwance. In na gamsu, a kawo cinya da ƙafar gaba in buga hatimi.

Ban ce ban san abin da ke cikin tsarin ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ni ne bangon kuwa. Sau da yawa hanta takan iso gabana da gefe ɗaya a datse.

"Sarki, ina sauran hantar nan?"

"Ungulu ce ta fizga, Likita. Ka san halinsu."

Ungulayen Ajingi suna da ilimi ƙwarai, ba sa fizgar ko'ina sai daidai inda tsutsa ta ci. Sai na kafa tawa dokar: duk hantar da ungulu ta ɗanɗana, ta ungulu ce, a miƙa mata sauran. Suka yi ta zagina a gabana da bayana. Su kuma suka samo hanyar ramuwa. Mutum ya tsoma hannu a jini har wuyan hannu, ya taho yana washe baki, "Likita, ba ma gaisa ba yau!" Ni kuma in sa su wanke dandamali, in zo in duba daga nesa in ce bai fita ba, a sake. Haka muka zauna, kullum faɗa kullum dariya, kuma ga mamakina sai na sami kaina ina son aikin. Na sami keke, na sami ɗaki a gidan kawu a Gaya, mutane suka daina tambayata hutu. Ranar da Baba ya fara ganina cikin kaki, ya gaya wa akuyar da ke ɗaure a ƙofar gida cewa bai taɓa zaton zai ga mai gemu da gwiwa a waje ba.

Baba yana da shanun huɗa biyu, fari da ja. Yana cikin waɗanda suka fara sa garmar shanu a ƙauyenmu, a lokacin da wasu ke cewa lalaci ne, kuma da su ya faɗaɗa gonar gyaɗarsa har ta zama abin kwatance. Su kam yana kiran sunansu, yana yi musu hira, yana tashi ya ba su harawa kafin ya sa wa cikinsa komai. Na sha faɗa wa ƙannena cewa a gidanmu 'ya'yan fari biyu ne, kuma ba ni a ciki.

A ranin nan farin ya fara tari. Na ji shi wani zuwa da na yi gida, na ce a kai shi wurin malamin dabbobi, aka ce an ji. Aka ba shi jar kanwa, aka ba shi jiƙe-jiƙe, ya ci gaba da ramewa, ni kuma ina Gaya ban san inda abin ya kai ba. Da bazara ta shigo, hadari ya fara leƙowa ta gabas, Baba ya yanke shawarar da ta fi masa ciwo: ya kai shi kara ya sayar, ya cika ya sayi wani kafin ruwa ya sauka. Bai gaya mini ba. Ya ja shi a hankali tun da sassafe har Ajingi.

Dillalai suka zagaya san, suka ɗaga masa leɓe, suka latsa haƙarƙari, kowa ya ce yana zuwa. Rana ta yi sama, sai san ya durƙusa. Aka ja, aka tura, aka murɗa masa wutsiya, ya miƙa wuya a ƙasa idanu suka fara juyewa. Ina kan bencina na ji ana ihu, "Wuƙa! A kawo wuƙa, zai tafi a banza!" Ban ko waiwaya ba, don irin wannan ba baƙon abu ba ne a kara. Aka yanka shi da sauran rai, aka jawo shi dandamali.

A wurinmu in irin wannan asara ta faɗa wa mutum, ba a barinsa ya ɗauka shi kaɗai. Nan take mutanen ƙauyenmu da suka zo cin kasuwa suka taru suka ce watanda za a yi. Kowa zai ɗauki kashi ko ba ya marmarin nama, mai hali ya ɗauki biyu, abin da ya rage mahauta su saye. Da wannan Baba zai tashi da abin da zai kai shi kusa da wani san. Abu ɗaya ya rage. Tunda a kasuwa aka yanka, ko tsoka ɗaya ba ta fita sai da hatimi, hatimin kuwa yana aljihuna.

Ba daro aka aiko mini ba, sarkin fawa ne ya taho da kansa. Ya tsugunna a gaban bencina, abin da bai taɓa yi ba, ya rage murya.

"Likita, san tsohonka ne."

Na miƙe zumbur, ya kama gefen kakina ya zaunar da ni.

"Zauna a inuwarka yadda ka saba. Ko ma ka shiga kasuwa ka duba masu fura, ka sha iska. Mu buɗe, mu wanke, mu gyara, mu kawo maka abu fes. Kai dai naka hatimi. Yau ba ranar rigima ba ce."

Tun da na san shi, ranar ce kaɗai na ga fuskarsa ba dariya. Na leƙa ta gefen tsamiya. Ga Baba tsaye da igiyar san a hannu, bai fi taku kaɗan daga inda muke ba, ya juya yana kallon rumfar masu tukwane kamar tukunya ya zo saye. Ya ji duk abin da aka ce. Bai ce a yi ba, bai ce kada a yi ba. Mutumin da in kazar maƙwabta ta yi ƙwai a rumbunsa sai ya aika da shi, yau shi ne ya yi shiru. Tausayinsa ya kama ni.

Zan so in ce tsoron Allah ne ya tashe ni daga bencin nan, ko kishin lafiyar jama'a, ko ma tsoron mai gashin baki. Duk suna nan, amma ba su ne suka ɗaga ni ba. Haushi ne. Na duba na ga kasuwa guda, da mahauta da mutanen garinmu har da uban da ya haife ni, kowa ya kwantar da hankalinsa a kan abu ɗaya: yaron nan matsoraci ne, ba zai iya zuwa ya duba ba. Ba wanda ya ma yi shakka. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba, na ture hannun sarkin fawa na zagayo.

"Kada wanda ya zuba ruwa. Ku buɗe ƙirjin ina gani."

"Za ka faɗi fa, Likita."

"In na faɗi ku jira in tashi."

Na fizgi goro daga aljihun wani na cusa a baki, na durƙusa a kan simintin don in abin ya zo kada faɗuwar ta yi nisa. Suka tsaga. Kunnuwana suka fara waƙarsu, gefen idona ya yi duhu, na ciji goron har da harshe. Na tura hannu biyu cikin ƙirjin. Da zafinsa. Wannan ne abin da ba a gaya maka a littafi, zafin nan, kamar dabbar ba ta san ta mutu ba. Na jawo huhun, ya ƙi tahowa, ya manne da haƙarƙari. Da na ɓamɓaro shi na ga ƙuraje sun rufe shi, manya da ƙanana. Na tsaga ɗaya, ciki rawaya-rawaya, yana marmashewa. Na san shi. Na taɓa ganinsa a huhun mutum, kuma na ga masu shi a kwance suna tofar da jini a gwangwani. Tarin fuka ne. Na duba bangon ƙirji, yana nan. Na duba hanta, na duba kaluluwar wuya da ta cinya, ko'ina ya kai. Da a huhu kaɗai ya tsaya, wallahi da na sa an jefar da huhun na rufe ido. Na yi ta nema, ina addu'a in sami wuri ɗaya mai kyau da zan fake da shi, ban samu ba.

Na ɗago na ce, da muryar da ni kaina ban gane ta ba, "A haƙa rami. A kawo kananzir."

Wuri ya kaure. Wani dattijon maƙwabcinmu, wanda ya sha goya ni a kafaɗa ina ƙarami, ya matso yana nuna ni da sanda.

"Kai yaro, ka san abin da kake faɗa? Da ransa aka yanka shi, halal ne! Wuta ai tana kashe komai. Mun ci wanda ya fi wannan lalacewa, ga mu nan da ranmu."

"Halal ne, Baba, amma ba zai fita daga nan ba."

"Na ubanka ne fa!"

"Na sani."

Sarkin fawa ya ce ko cinya ɗaya a bari. Na ce ko kofato. Ya juya wurin Baba ya ce, "Malam, ka yi masa magana mana. Ɗanka ne."

Baba ya gama naɗe igiyar a hannunsa a hankali, sannan ya ce, "Ni ban saba yi masa magana ba." Ya rataya igiyar a kafaɗa, ya ratsa mutane ya fita.

Na tsaya a kansu har aka haƙa ramin, aka tura naman, na tuttula kananzir da hannuna don kada wani ya dawo ya tone, aka mayar da ƙasa. Ungulaye suka yi ta kallona, su ma na ɓata musu. Da na tabbatar an gama, na wanke hannu, na zagaya bayan katanga, na cire hula na ajiye, na faɗi faɗuwata a tsanake. Na farka sarkin fawa yana yi mini fifita da faifai. Ya ga na buɗe ido, ya yi tsaki.

"Ɗan banza. Da ka yi wannan tun ɗazu ai da kowa ya huta."

Da la'asar na hau keke na bi hanyar gida. Na cim ma Baba a cikin yashi, yana tafe shi kaɗai, igiya a kafaɗa. Na sauka. Na shirya maganganu tun daga kasuwa, na ciwon da yadda yake kama yara, na cewa zan taimaka, duk suka gudu. Na tura keken a bayansa har ƙofar gida. Ya san ina nan, don keken yana ƙara, amma bai waiwayo ba.

Washegari na kai wa babban duba-gari rahoto, ina tsammanin ko sannu. Ya saurara har ƙarshe, ya murza gashin baki, ya tambaye ni ko na dawo da galan ɗin kananzir na ofis. Bayan 'yan kwanaki aka ce gwajina ya ƙare, aiki ya zama nawa. A ƙauyenmu kuwa aka yi mini wanka ba sabulu. Aka ce boko ya cinye mini kai, na kasa warkar da mutum na koma binne dabba. Masu watanda suka daina amsa gaisuwata, har da waɗanda na san a ransu sun ji daɗin kuɗinsu ya tsira. Mahaifiyata takan aiko mini da tuwo in na je, amma miyar ba ta da fara'a. Duk wannan bai dame ni ba kamar shirun Baba. Ya daina ko gaya wa akuya laifina.

Ruwa ya sauka. Sa ɗaya ba ya jan karkiya, masu shanu kuwa kowa gonarsa yake fara yi, kafin layi ya zo kanka damina ta yi nisa. Abin da nake samu a wata ko kan saniya ba zai saya ba. Baba ya shiga rumbu ya fito da garmar hannu, wadda ya rabu da ita shekaru da yawa, ya kai maƙera aka gyara mata baki.

Ranar Lahadi ta same ni a gida. Da na fito da safe na tarar da wata garma a jingine a ƙofar ɗakina. Ba wanda ya ce ga wanda ya ajiye, ba wanda ya ce ga abin da za a yi da ita. Na saɓa ta na bi sawunsa zuwa gona. Ya riga ya fara. Na kama kunyar da ke kusa da tasa, na sunkuya. Rabona da garma tun kafin makarantar kwana, kunyata ta yi ta karkacewa, kafin hantsi tafin hannuna ya tashi. Shi kuma yana gaba, yana yi yana tsayawa ya dafa ƙugu. Ranar na fara lura cewa babana ya tsufa, kuma ni na mayar da shi kan garma.

Muna cikin haka wani maƙwabcin gona ya zo wucewa da shanunsa biyu, suna tafe suna kaɗa wutsiya. Ya tsaya a kan iyaka.

"Sannu da aiki, Malam. Har yanzu ba a sami madadin farin ba?"

Baba ya miƙe a hankali, ya share gumi da bakin riga.

"An samu. Gwamnati ce ta karɓi wancan ta ba ni wannan." Ya nuno ni da haɓa. "Garma dai ba ya ja, ga cin tsiya. Amma ba ya tari."

Mutumin ya yi dariya har da dafa sa, ya kora shanunsa ya wuce. Ni ma dariyar ce ta ƙwace mini, sai kuma na ji hawaye, na yi sauri na sunkuya don kada a gani. Gonar da shanu kan gama kafin azahar, mu ko rabinta ba mu kai ba har rana ta faɗi, kuma shi ne a gaba.